Girkin ganye a bukukuwan kaka: me za a ajiye wa baƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Maradi. Kaka ta yi, daga Nuwamba har ƙarshen Disamba gidanmu ba ya rabuwa da baƙi: ga auren ɗiyata, ga sunan jika, ga yara da za su dawo hutu. Maigida yana da hawan jini, mahaifiyarsa kuma ciwon suga, likita ya ce su rage gishiri da maiƙo, su yawaita ganye. Ina so in girka abin da kowa zai ci har da su, amma ina tsoron in ajiye wa baƙi ganye a ce rowa muka yi. Me zan dafa, kuma ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a auren, Ya raya jika, Ya ƙara wa Alhaji da Inna lafiya.

Bari in fara da tsoron nan naki, domin in bai kau ba, duk abin da zan faɗa a kan tukunya ba zai kai gaban baƙo ba. Kunyar ganye a ƙasar nan tana da asali. Wanda ya ga yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, ko ya ga 2005 lokacin da jihar Maradi ta shiga cikin waɗanda suka fi jin jiki, ya san yadda mata ke fita daji tun asuba neman tafasa da yaɗiya da anza saboda rumbu ya ƙare. A irin wannan lokaci tsurar ganye ake ci, babu ƙuli, babu mai, wani sa'in ko gishiri babu. Abin ya zauna a zukatan mutane. Shi ya sa yau in Allah Ya hore, abin da uwargida ke fara korewa daga tukunyar biki shi ne ganye, ta cika ta da farar shinkafa da taliya da mai har yana kwanciya a kai. Na fahimci dalilin, ban kuma raina shi ba. Sai dai a wurin aiki ina ganin inda wannan hanya ke ɓullewa: magidanta masu rufin asiri, ƴan shekara arba'in da hamsin, suna fama da hawan jini da suga, wasu har ɓarin jiki ya shanye. Abin yana ci mini rai, domin maganin rabin matsalar yana nan jibge a kasuwa da araha.

Baƙo yana gane kwanon da aka ɓata lokaci a kansa. Ganyen da aka tafasa aka watsa masa gishiri aka miƙo, shi ne ke kama da rowa. Wanda aka tsinke da kyau, aka haɗa da gyaɗa da albasa da tattasai, aka zuba a babban tire aka jera masa nama a kai, ban taɓa jin wanda ya kira shi abincin talauci ba. Don haka shawarata ɗaya ce, sauran duk bayani ne: ki ba ganye matsayin babban kwano, ki yi masa hidimar da kike yi wa nama. Naman ma ba cewa na yi a cire shi ba. Biki ne, za a yanka abin da ya samu. A dai bar shi ya zama rakiya.

Kin kuma yi sa'ar lokaci. Abin da kasuwar Maradi ke haɗawa tsakanin Oktoba da Disamba ba ta haɗa shi a sauran watanni. Sabon wake ya shigo, ga sabuwar gyaɗa da gujiya da riɗi, kabewa ta ƙosa, yakuwa da rama da kuɓewar damina suna ban kwana, garake kuma na bakin Gulbi, daga Madarumfa zuwa Jiratawa da Tibiri, suna fara fitar da salati, daga baya shu, wato kabeji, da karoti su biyo in sanyi ya kankama. Zogale dama ba ya yankewa a kwarin Gulbi. Ɗanyen tumatir ne kawai ba ya yin araha sai sanyi ya yi nisa, saboda haka a Nuwamba ki jingina da kabewa da kauɗar tumatir da garin jan tattasai irin na Diffa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace a yini. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi, suna ɓangaren tuwo ne. Ki dubi ɗan ganyen da ke yawo a cikin miyar gida goma, za ki ga nisan da ke tsakaninmu da wannan adadi.

Ranar da taro ya fi yawa, dambun zogale nake so ki yi. Dalilina, dambu turara shi ake yi, ruwa ba ya wanke amfanin ganyen, yana kuma ɗaukar ganye mai yawa ba tare da mai ci ya ji ya gundure shi ba. Ki sami tsaki, na shinkafa ko na masara ko na hatsi. Saboda Inna na fi son na hatsi ko na dawa, domin ba su da saurin ɗaga suga kamar farar shinkafa; in kina jin baƙi sun fi sabawa da na shinkafa, ki yi madambaci biyu. A wanke tsakin a tsane shi sosai, a turara shi karo na farko har ya fara laushi. Kafin nan an tsinke zogale an cire duk ƴan sandunansa, domin su ne ke ɓata wa mutane dambu a baki. A wanke shi tun yana ɗanye, kafin ya ga wuta. In zogalen matashi ne, ba ya buƙatar dahuwa daban: a juye tsakin a babbar roba, a zuba ganyen, a sa albasa mai yawa, tattasai, attarugu daidai bakin mutanen gida, karoti ƴan ƙanana, da dakakkiyar gyaɗa, a cuɗanya a mayar madambaci karo na biyu. In ya manyanta yana da ɗaci, a ɗan sulala shi da ruwa kaɗan, kamar minti goma, ruwan ya kusa ƙonewa a jikinsa. Abin da ya rage na ruwan a yayyafa shi a kan tsakin, kada a zubar.

Wurin awo ake samun bambanci. Dambun kasuwa tsaki ne aka yi masa ado da ganye. Naki kuwa, kwanon da kika auna tsaki da shi ki cika shi da ganye sau biyu tun yana ɗanye, domin yana shan wuta zai koma rabi. Idan an sauke, a soya albasa a man gyaɗa a zuba a juya. A auna man da cokali, kada a tuttula daga jarka: babban cokali guda ga kowane mai ci ya wadatar. Kada kuma a hana shi gaba ɗaya da sunan lafiya. Sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ke cikin zogale da karoti da kabewa, sai da maiƙo hanji ke iya ɗaukarsa. Gyaɗa da ɗan man nan su ne ke buɗe masa hanya. A ƙarshe a kawo yankakken lemon tsami a gefe. Wannan ma da dalili: ƙarfen da ke cikin ganye da wake, wanda ke ƙara jini, jiki ba ya shan sa da sauƙi kamar na nama, amma bitamin C na lemon tsami ko ɗanyen tumatir yana ƙara yawan abin da ke shiga. A ƙasar da kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa suke da ƙarancin jini, wannan ɗan matsi na lemo ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai jegon da za a yi wa suna.

Yanzu in zo kan kanwa, domin a nan ne mafi yawan amfanin ganyenmu ke salwanta, kuma a hannun ƙwararrun masu girki. Ana sa ta don dalilai huɗu da kowace mace ta sani: wake ya yi saurin nuna, ganye ya tsaya kore, tsamin yakuwa ya mutu, kuɓewa ta yi yauƙi. Duka tana yi. Amma tana lalata bitamin C da bitamin B1, ga shi kuma ita kanta tana ɗauke da sodiyom, sinadarin nan na cikin gishiri da ke tayar da hawan jini. Wato matar da ta rage wa mijinta gishiri ta bar kanwa yadda take, ta toshe ƙofa ɗaya ta bar ɗaya a buɗe. Kowanne daga cikin dalilan nan yana da wata hanyar. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon da safe. Zai nuna da wuri, ya rage cin itace, ya kuma rage kumburin ciki. Sabon waken kaka ma ko ba a jiƙa ba ba ya wahalar dahuwa. Koren ganye kuwa gajeren lokaci a wuta ne ke tsare shi: alayyahu a sa shi a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi, a sauke. Tsamin yakuwa a rage shi da haɗa ta da alayyahu, kashi ɗaya nata, kashi biyu ko uku nasa, gyaɗar miya kuma za ta kwantar da saura. Kuɓewa in an goga ta ko an daka ta da kyau, aka kaɗa da maburgi ba a rufe tukunya ba, za ta yi yauƙinta. Ɗanwake ne kaɗai zan ce sai da ƴar kanwa, shi ma a jiƙa ta a tsiyayi ruwan sama kaɗan, a bar kuka ta yi sauran aikin.

Akwai ganyen da dole a tafasa a zubar da ruwansa. Tafasa da yaɗiya da gasaya suna da ɗaci ko gafi da sai haka suke fita, rama ma in tsaminta ya yi yawa. Waɗannan a bi su yadda iyayenmu ke bi. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan hukunci a ɗora wa kowane ganye, har zogale da alayyahu da shu, a bar su a wuta sa'a guda sai sun yi baƙi, a matse, a zubar da ruwan a kwata.

Kwaɗo kuwa, shi ne abin da zan so ya riƙa zama a gidan kowace la'asar muddin akwai baƙi. Na zogale, na rama, ko a haɗa su, da garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, tattasai. Mata in sun taru gidan biki ba sa ƙin kwaɗo, sau da yawa ma shi ke fara ƙarewa. Sai dai ki kula da ƙulin. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi hunhuna tana ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ke lahanta hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Ba a gane ta a cikin ƙuli bayan an riga an niƙa. Tunda Maradi gidan gyaɗa ce kuma sabuwa ta shigo, ki sayi taki tiya ɗaya ko biyu, a zauna a tsince, a zubar da duk wadda ta yamushe ko ta canza launi ko take ɗaci, sannan a soya a daka. In ƙuli za ki saya, ki saya wurin wadda kika san tana tsince gyaɗarta.

Ga ranar suna ko ranar da surukai za su zo, miyar taushe. Ita babu mai yi mata kallon raini, miyar sallah ce tun kaka da kakanni, kuma in an duba kusan dukkanta kayan lambu ce. Ki zaɓi kabewar da cikinta ya yi ja sosai, domin gwargwadon jan, gwargwadon amfaninta ga ido da fata da garkuwar jiki. A dafa ta da ƙashi ko ɗan nama da albasa da daudawa har ta narke, a farfasa ta da ludayi, ita ce za ta ba miyar kauri. A zuba jajjagen tattasai da tumatir, a kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa a bar ta ta nuna har ƙamshinta ya tashi. Yakuwa ta shiga, alayyahu ya zo a ƙarshe. In gyaɗar ta isa, za ki ga mai ya taso da kansa, ba sai an ƙara wani ba. Ana ci da waina ko tuwon shinkafa, amma tana tafiya da tuwon hatsi ko na dawa, wanda shi zan zuba wa Inna.

Wake shi ne zai riƙe miki cikin baƙi a ranakun da babu yanka. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, amma da yawanmu mun fi ɗaukarsa kayan sayarwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, abin da ke gina jiki, kuma in ya haɗu da hatsi ko shinkafa kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, wasa-wasa, ɗanwake, duk a kan wannan hikima suke. A shinkafa da wake ki sa waken ya kai rabi, a yanka shu da tumatir da albasa a kai. Faten wake da kabewa da alayyahu abincin dare ne mai kyau ga tsofaffi. Da safe kuma alala ta fi ƙosai, tunda ita turarawa ake yi, shi kuwa iyo yake a mai. In an yi ƙosan saboda yara, kada a yi ta maimaita suya a man da ya riga ya yi baƙi. Wani alherin kaka shi ne sabon wake bai daɗe a ajiya ba balle a yi ta zuba masa maganin ƙwari. In za ki ajiye na gaba, ki nemi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maradi kuma suka yi aiki sosai wajen gwada shi da yaɗa shi. Yana hana iska shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an sa guba ba.

Gishiri da magi su ne wurin da za ki fi shan gardama, don haka ki shirya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke cikin miya da yaji da burodi. Dunƙulen magi kuwa kusan rabin nauyinsa gishiri ne. A girkin biki kin san yadda ake yi: ƙanwar maigida ta ɗanɗana ta jefa biyu, maƙwabciya ta zo wucewa ta ƙara uku, kowa da kyakkyawar niyya. Ki ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, wadda kika yarda da ita. Ki ƙirga mata adadin da za a sa a kowace tukunya tun da safe, rabin abin da aka saba, ki ɗauke sauran ki kai ɗaki. Giɓin da zai bari a cike shi da daudawa, ta kalwa ko ta batso, da gabu, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, da busasshen kifi. Albasa in aka soya ta a hankali har ta yi ja tana ba miya zaƙin da mutane ke nema a magi. Yajin da ake ajiyewa a gefe ma yawanci cike yake da gishiri da magi, saboda haka ki daka wa Alhaji nasa daban, barkono da citta da tafarnuwa da ƙuli. Kuma kada ki jira ranar biki. Ki fara ragewa a girkin gida tun yau, kaɗan-kaɗan. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni, lokacin da baƙi za su zo mutanen gidanki sun riga sun daina jin bambanci, ba wanda zai tsaya gaban baƙo yana cewa miya ta yi salam. Ɗan gishirin da za a sa ya kasance mai iyodin.

A kan ɗanyen salati ina da tsauri, zan kuma faɗi dalili. Ganyen garka yana tashi kusa da ƙasa, ana ba shi takin dabbobi, ruwan ban ruwansa ma ba kullum yake da tsabta ba. Mutanen jihar nan ba su manta da kwalarar 2018 da ta ɓarke a yankin Madarumfa ba, da wadda ta dawo a 2021. Ga iyalin gida, a ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa a ruwan da aka ɗiga wa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya ke nunawa, a ɗauraye. Ruwan gishiri ko ruwan tsami kaɗai ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Amma ga taron mutum ɗari, inda hannu da yawa ke shiga, abinci kuma ke jira daga hantsi zuwa la'asar, ban ba ki shawarar salati mai mayonez da dafaffen ƙwai ba ko kaɗan. A maimakonsa a yanka shu da karoti da koren tattasai da albasa, a cire ɓawon shu na waje saboda feshin magani, a ɗan turara su ko a juya su a wuta da mai kaɗan, su nuna amma da sauran ƙarfinsu. A zuba wannan a kan kowane tire na shinkafa har ya rufe ta. Yana ƙawata abinci, kuma ya ga wuta.

Dafaffen abinci ma kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin firji ba. Sanyin hunturu yana ruɗin mutane, alhali da rana zafi na nan. Wake da miyar gyaɗa da kwaɗo su ne masu saurin lalacewa. A yi kwaɗo kashi-kashi, wanda ya kwana kuma na miya a tafasa shi sosai kafin a ci.

Abin sha. Lemon kwalba mai santilita 33 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, alhali iyakar da ake so babba ya tsaya a kai a yini ba ta wuce giram 50 ba. Ki yi zoɓo da citta da kanumfari, ki raba biyu, ɗaya da sukari kaɗan, ɗaya babu ko ɗis. Kunun aya ma ya dace, ga ayar a ƙofar gida tunda jiharmu ce kan gaba wajen nomanta, sai dai ba ya jure zafi, a yi shi a sha a ranar. Dabino da zuma da ake cewa a sa wa mai suga a madadin sukari, su ma suna ɗaga suga, kada a yaudari Inna da su. Shayi kuma, na san samarin gida za su ɗora shi da an sauke faranti. Ki roƙe su su jinkirta kamar sa'a guda bayan cin abinci, domin shayi yana hana jiki shan ƙarfen da ke cikin ganye da wake, ya rushe aikin da lemon tsami ya yi.

Kayan gara ban ce a taɓa su ba. Alkaki da nakiya da dubulan al'ada ce, za a kai wa amarya kamar yadda aka kai wa kowa. Abin da za a tarbi baƙo da shi a tsakar gida ne nake so ya canza: dafaffiyar gujiya, dafaffiyar gyaɗa, yalo, gwaba, kankana, lemon zaƙi. Duk lokacinsu ne.

Game da Alhaji da Inna, in kika bi wannan tsari ba sai an ɗora musu tukunya daban ba, wanda dama shi ke sa mai ciwo ya ji an ware shi har ya riƙa satar ci a waje. Bambancin yana wurin zubawa. Kwanon Inna rabinsa ganye ko miya mai kauri, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko nama ko kifi, sauran kashi ɗayan tuwo ko dambu. Fura da sukari, kunu mai zaƙi da waina da yawa, a taƙaita mata. Wani abu da ake mantawa a ranar biki: hidima kan sa abinci ya yi latti, tsohuwa ta sha maganin suga ko an yi mata allura tun safe, ba ta ci komai ba har azahar. Sugarta na iya faɗuwa, ta kama rawar jiki da zufa da jiri, har ta suma. Ki sa wata jika ta musamman ta kula da cewa ta ci abinci a kan lokacinta, ko tukunyar taro ba ta sauka ba. In alamun nan suka bayyana tana cikin hayyacinta, a ba ta ruwan sukari nan take, sannan abinci. Wannan ne lokaci ɗaya da sukari ke zama mata magani. In ba ta farfaɗo ba, sai asibiti.

Ganye da wake suna da sinadarin potasiyom mai taimakawa wajen saukar da hawan jini, amma wanda ƙodarsa ta taɓu yawansa na iya cutar da shi. Tunda hawan jini da suga duka suna taɓa ƙoda, in likita ya taɓa ce wa ɗayansu akwai matsala a nan, ki koma ki tambaye shi adadin da ya dace kafin ki ƙara musu. Kuma cikin baƙi ba za a rasa mai cewa zogale yana warkar da suga da hawan jini, a ajiye ƙwayoyin asibiti ba. Zogale abinci ne mai albarka, ina kuma son a ci shi kullum, amma ba ya maye gurbin magani, kuma na ga waɗanda wannan magana ta kwantar. Su ci gaba da shan maganinsu a kan ƙa'ida, a auna jinin Alhaji da sugar Inna kafin a shiga hidima, a sake aunawa bayan an watse.

In kin sayi ganye ya yi yawa, ko kika ga yakuwa da zogale da kuɓewa sun yi araha, ki shanya na gaba. A wanke, a baza a kan tabarma mai tsabta a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye launin ganye tare da amfaninsa. Iskar hunturu za ta busar da shi cikin ƴan kwanaki. A rufe da mayafi marar kauri saboda ƙura, in ya bushe ƙarau a zuba a mazubi mai murfi. Daga ciki ki ɗebar wa amarya nata, ta tafi da shi ɗakinta tare da daudawa da kuka.

Allah Ya kai mu lokacin lafiya, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.